Ƙarfe Shida da Minti Goma

Wannan babin naku ne, 'ya'yan Yaya Sanusi, kafin ya zama na 'ya'yana. Kun tashi kuna jin ana cewa mahaifinku mutum ne mai taurin zuciya, wai kakanku ya kira shi a bainar jama'a ya ƙi zuwa har aka sa tsoho a ƙasa. An faɗa a gabana a wurin suna, an faɗa a kasuwar Batsari, ni kuwa na sunkuyar da kai na yi shiru kamar ban san komai ba. Bara Allah ya karɓi Yaya. Ni ma ido ya fara dushewa, hannun da ya shekara hamsin yana liƙa waya da dalma yanzu ko kofin shayi rawa yake yi da shi. Don haka bari in rubuta yadda aka yi, tunda babu wanda ya rage da ya sani sai ni da Hajara matata.

Mu biyu ne maza a wurin Malam mahaifinmu, wato kakanku. Yaya Sanusi ɗan fari, shi ya gaji karatu, ya yi zurfi har ya zama mai koyarwa a Islamiyya a Katsina. Ni Habu na ajiye allo tun ina saurayi na bi wani mai gyaran rediyo zuwa Batsari, daga rediyo na koma talabijin, daga nan na koma waya. Malam bai doke ni ba, bai zage ni ba. Abin da ya yi kawai, ya laƙaba mini "mai rediyo", kuma yana faɗarsa da irin muryar da ake faɗin sunan cuta. Tsawon shekarun nan bai taɓa leƙa shagona ba ko da ruwa ya tare shi a ƙofar. Yaya kuma nasa rabon daban ne. Malam mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari yadda iyayenmu suke yi, bai taɓa buɗe baki ya ambaci sunansa ba. "Wancan" yake cewa, ko "babban". Muna yara ina tsokanar Yaya da cewa ni dai ina da suna a gidan nan, shi kuwa sai dai a nuna shi da haɓa.

A Runka gidanmu yake, kuma a nan Malam ya yi shekaru yana jan littafi bayan La'asar, zaure cike har waje. Sai shekarun nan da kuka sani suka zo. Aka fara da shanu, aka koma ɗaukar mutane a gona, gari ya soma zubewa gida bayan gida. Inna mahaifiyarmu tana da hawan jini, duk ranar da aka ji harbi sai ta kwana biyu ba ta tashi ba. Yaya ya yi ta roƙon Malam su koma Katsina, Malam ya ce shi ba zai bar mutanen da ba su da inda za su ba. Ranar da Malam ya tafi jana'iza Babban Duhu, Yaya ya zo da a-kori-kura ya ɗauke Inna. Ni har gobe ina ganin daidai ya yi, amma babu wanda ya tambaye ni. Ba ta cika wata biyu a Katsina ba ta rasu, a ranar da hanya ta ƙi biyuwa, aka rufe ta kafin Malam ya iso. Matar da ya zauna da ita kusan shekara sittin, bai sallace ta ba. Washegari ya tsaya a kan kabarin, bai shiga gidan Yaya ba, da muka juyo ya ce da ni:

"Ka gaya ma wancan, kada ƙahwarshi ta sake taka inda nike."

Bayan haka zauren Runka ya zama kango, na lallaɓa na ɗauko Malam na dawo da shi gidana a Batsari. Sau ɗaya na yi dabarar sasanta su, kuma dabarar banza ce. Na kira Yaya na ce Malam ya huce, alhali bai huce ba, ina ganin idan ido ya ga ido shi ke nan. Yaya ya biyo wannan muguwar hanya ya zo, ya durƙusa a zaure tun Azahar har La'asar. Malam yana jan tasbaha, ko gaisuwarsa bai amsa ba. Da na raka shi tasha abu ɗaya ya ce da ni, kada in sake yi masa irin wannan.

Zaman Batsari ya ci Malam. Ɗalibansa sun watse, wasu Katsina, wasu Dutsin-Ma, wasu har Ikko. Mutumin da ya saba da cikar zaure ya koma karantar da tsofaffi uku, ɗayansu Alhaji Mati mahauci, maƙwabcina, wanda yake zuwa da ƙanshin kitse a jiki ya yi gyangyaɗi rabin karatun. A nan ne sana'ar da aka rena ta yi rana. Na haɗa ɗan akwati wanda bai fi littafi girma ba, da makirfo, da batirin sola, da na'urar da ke kamo sabis. Idan Malam ya fara karatu akwatin yana naɗa, yana kuma aikawa kai tsaye, duk wanda na tura wa hanyar shiga sai ya buɗe wayarsa ya saurara a inda yake. Sauran lokutan kuma yana maimaita karatun baya, ba ya hutawa. Ina iya ganin sunayen masu sauraro a wayata, kuma tun mako na farko na ga na Yaya a ciki, bai taɓa fashi ba. Hajara ce ta tsegunta wa Malam. Daga ranar kullum kafin ya buɗe littafi sai ya tambaya:

"Mai rediyo, mutum nawa yau?"

In gaya masa. Sai ya gyara zaman gilashinsa, ya ce kamar wanda bai damu ba:

"Na Katsina hwa, suna nan?"

"Suna nan, Malam."

Matsalar akwatin ɗaya ce. Idan ya kwana biyu ko uku a kunne sai ya sandare, fitila tana ci amma babu abin da ke fita. Sai dai in ji kira daga Ikko ana cewa Malam ya yi shiru, in baro shago a guje in zare waya in mayar. Alhaji Mati ya samu abin tsokana, wai akwatina ya fi shi son barci. Maganin abin sananne ne ga duk mai wannan aiki: a saita na'ura ta riƙa kashe kanta tana sake tashi sau ɗaya kullum, kafin ta gaji. Kashewa da tashin kamar minti huɗu ne, kuma a cikinsu ba ta naɗa, ba ta aikawa. Abin da ya rage shi ne zaɓen lokaci. A lokacin sanyi ne, ana kiran Magariba ƙarfe shida da 'yan mintoci, sai na ce ai babu lokacin da ya fi wannan, kowa yana sahu, babu mai karatu babu mai sauraro. Na sa ƙarfe shida da minti goma. Ku dubi wannan wauta. Ni ɗan malami, wanda ya tashi yana ganin mahaifinsa yana auna inuwa da tafin ƙafa don sanin lokacin salla, na ɗauki Magariba na ɗaure ta a jikin agogo kamar ba ta matsawa. Akwatin kuwa ya daina sandarewa, na ji daɗi, na manta da maganar gaba ɗaya.

Da zafi ya shigo Malam ya kwanta. Wajen wata uku babu karatu, akwatin yana ta maimaita tsofaffin darussa, idan ma ya yanke da yamma babu wanda ya kula. Rana kuwa tana ta ƙara tsawo, Magariba ta matsa har kusan ƙarfe bakwai. Bayan ruwan farko Malam ya ɗan ji ƙarfi, wata Lahadi ya ce a fitar da shi zaure. Na aika wa mutane, aka cika a waya fiye da kullum. Ya yi karatu a kan hukuncin ruwan alwala, muryarsa siririya, yana tsayawa yana hutawa. Ya ja lokaci fiye da yadda na zata. Can ya rufe littafin, ya ɗora hannu a kai, ya ce kafin a shafa Fatiha akwai wata magana da ya daɗe yana riƙe da ita. Ina zaune kusa da akwatin. Da idona na ga koriyar fitilar ta koma ja. Na dubi agogo, na dubi waje, ga rana nan tana kan katanga ba ta da niyyar faɗuwa. Kafin in yi tunanin ɗaga hannu in ce a dakata, Malam ya matso da bakinsa kusa da makirfo ya ce:

"Sanusi. Muhammadu Sanusi. Na san kana ji na. Abin da ka yi, don uwarka ka yi shi. Na yahe maka duniya da lahira. Ka taho gida in gan ka."

Alhaji Mati, wanda ya tsufa yana yanka shanu, ya sa bakin rawani yana share ido. Wa zai katse tsoho a irin wannan wuri? Ni dai ban iya ba. Fitilar ta dawo koriya lokacin da aka ɗaga hannu ana addu'a. Da mutane suka fita alwala, na zo zan kama Malam in shigar da shi ciki, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Habu, maganar ta tahi?"

Ba mai rediyo ya ce ba. Habu ya ce. Na buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya, Allah ne shaidata, amma abin da ya fito shi ne:

"Ta tahi, Malam."

Ya jinjina kai, ya dubi akwatin ya daɗe, sannan ya ce:

"Ashe abin nan naka alheri ne. Na rena shi, na rena ka. Allah shi yi ma sana'arka albarka, Allah shi yi maka albarka."

Shekara arba'in nake jiran wannan magana. Da furfurata na tsaya ina kuka kamar an mare ni, shi yana zaton daɗi ne kawai. Kuma daɗin yana ciki, ba zan ɓoye muku ba. Na samu abin da na ƙosa in samu, a kan ƙarya na same shi, kuma ban ji zan iya mayarwa ba.

A ranar na gyara lokacin akwatin, aikin da bai ɗauke ni minti biyu ba. Da safe na kira Yaya, ina ganin abin mai sauƙi ne, in gaya masa ya hau mota, Malam ba zai san an yi wani yankewa ba. Bayan mun gaisa na zayyana masa komai. Sai ya ce:

"Ina saurare jiya. Na ji ya ce akwai magana, sai ta yanke, da ta dawo addu'a ake. Mi ya ce?"

Na maimaita masa.

"Ya ambaci sunana?"

"Sau biyu, Yaya."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Habu, ko ƙarya za ka shirya, ka shirya wadda ta yi kama da Malam. Tun da uwata ta haihe ni bai taɓa kiran sunana ba. Ka manta durƙuson da ka sa ni? In gaskiya ne, kai mashi wayar nan yanzu in ji daga bakinshi. Ko gyaran murya ya yi mani, wallahi yau a Batsari zan kwana."

Abin da ya nema bai fi taku ashirin ba, daga inda nake tsaye zuwa ɗakin Malam. Amma in na kai wayar dole in ce maganar ba ta tafi ba, na yi masa ƙarya, akwatin da ya sa wa albarka shi ne ya haɗiye magana mafi nauyi da ya taɓa yi. Dole kuma in ce da tsohon da ya karya kunyar shekara sittin ya sake karya ta. Na ce da Yaya Malam yana barci, zan kira. Na yi tunanin in sa Alhaji Mati ya shaida masa, sai na tuna duk abin da Alhaji Mati ya ji da safe, kafin Azahar ya gama zaga rumfar mahauta, kafin La'asar ya dawo kunnen Malam. Hajara kaɗai na gaya wa. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta dube ni.

"Maigida, tashi ka je ka gaya mashi yanzu. Hwaɗa zai yi, ya gama. Ka taɓa mutuwa don ya ce maka mai rediyo?"

Na ce sai ya ƙara jin ƙarfi, kada abin ya tayar masa da ciwo. Ta ce ba ciwonsa nake tsoro ba, kuma ta faɗi gaskiya, shi ya sa na yi mata tsawa.

Ranar Litinin Malam ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa ta Juma'a. Ya ce a shimfiɗa masa buzu inda zai riƙa ganin ƙofa. Ya ce da Hajara ta yi dambun zogale da yawa, bai faɗi dalili ba, amma duk gidan an san wanda yake son dambu. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai ya ɗaga kai. Ranar Talata ya sake sa rigar. Da yamma ya ce da ni:

"Ko hanya ce ba kyau?"

"Hanya ce, Malam."

Ƙarya ta biyu ke nan da na yi wa Malam, motoci suna ta shigowa daga Katsina a ranar. Hajara ta daina yi mini magana, sai dai ta ajiye abinci ta juya. Yaya bai sake kira ba, amma kullum sunansa yana cikin masu sauraro, yana jira ko za a maimaita. Malam kuma yana ganin uba ba ya kira sau biyu. Ranar Laraba bai sa farar riga ba, kuma kafin karatu bai tambayi na Katsina ba. Bayan an shafa Alhaji Mati ya fara faɗa, wai wane irin ɗa ne wannan, uba ya sauke girma ya kira shi a gaban duniya ya yi kunnen ƙashi. Malam ya ɗaga masa hannu.

"Ku bar shi. Na hwaɗi nawa. Ƙila ni na makara."

Wannan kalma ta shige ni. Na yi wa kaina alkawari gobe Alhamis kafin karatu zan durƙusa in faɗi komai, in kira Yaya in sa wayar a kunnen Malam, albarkar ta tsaya ko ta tafi. Na ma shirya kalmomin da zan fara da su. Da hantsin Alhamis ina shago ina buɗe wata waya, Hajara ta aiko in zo. Na tarar an riga an rufe wa Malam fuska.

Yaya ya iso kafin a sallaci gawar. Ya tsaya a sahu, mutane suna kallonsa ta gefen ido, wani tsohon ɗalibin Malam ma da Yaya ya miƙa masa hannu sai ya yi kamar yana gyara hula. Ina gani, ban ce uffan ba. Sai ranar uku da La'asar, bayan masu gaisuwa sun ragu, muka rage mu biyu a zaure, na faɗa masa duka, tun daga ƙarfe shida da minti goma har farar riga da dambu. Na zaci zai mare ni, kuma da ya mare ni da na ji sauƙi. Sai ya dubi tabarma ya ce:

"Yana jirana, ke nan."

"Kwana uku, Yaya."

"Ya tahi yana ganin na ji na ƙi."

Na ce zan tashi a masallaci ranar Juma'a in gaya wa jama'a. Ya girgiza kai.

"Kada ka gaya ma kowa muddin ina raye. Ni an riga an gama da ni a garin nan. Kai ya sa maka albarka, ka riƙe abinka, ɗayanmu dai ya tsira da wani abu."

Na karɓi wannan ma, kamar yadda na karɓi wancan, kuma ku ne kuka biya, ku da kuka girma da sunan da aka ɓata. Ku yafe mini in za ku iya. In ba za ku iya ba, ba zan ga laifinku ba.

Daga nan ya ce in kunna masa karatun ranar Lahadi. Na kunna daga ƙarshe. Muryar Malam ta cika zauren, ga tarinsa, ga ƙarar rufe littafi, ga shi yana cewa akwai wata magana da ya daɗe yana riƙe da ita. Aka ji ya ja numfashi. Sai kuma addu'a da amin ɗin tsofaffi. Yaya ya sa na mayar baya har sau uku, yana kara kunne a jikin lasifika ko wani abu ya maƙale a tsakani. Babu komai. Ya gyara zama ya ce:

"To kai hwaɗa mani. Yadda ya hwaɗa, kada ka rage, kada ka ƙara."

Na faɗa. Ya rufe ido ya ce in sake, a hankali. Na sake, ina ƙoƙarin sauke murya yadda Malam yake yi, ina tsayawa inda ya tsaya. Ya ce in sake. A na uku kuka ya ci ƙarfina a tsakiya, amma na kai ƙarshe. Ya buɗe ido ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Na yarda ya hwaɗa," in ji shi. "Amma muryarka nike ji, Habu. Na yi ta ƙoƙari in ji tashi, taka nike ji."

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya sa takalmi, ya tambaye ni ko har yanzu za a samu motar Katsina a tasha.